Makullin Kwamfutar Kawu Kalilu

Ina aji ɗaya a sakandare na fara jin sunan Kalilu, kuma a ranar sai da na rantse wa mutum cewa babu mai wannan suna a gidan. Kawo ni Birnin Kebbi ke nan daga Gulma, in zauna wurin yayan mahaifiyata in riƙa zuwa makaranta. Ina shara a zaure sai ga wani masinja bisa keke, ya dafa ƙasa da ƙafa ɗaya.

"Ke ɗiyar ga, Kalilu na ciki?"

"Babu Kalilu gidan ga."

"To gidan wa na?"

"Gidan Kawu Dikko na. Wallahi babu wani Kalilu."

Daga cikin gida na jiyo Inna Maimuna, matar Kawu, tana dariya har da tari. Ta ce in ce wa masinja Malam na zuwa.

Ba laifina ba ne. Shi ne ɗan farin kakarmu Inno, don haka kowa Dikko yake ce masa. Inno kuwa ko Dikkon ba ta faɗi. In za ta yi maganarsa sai ta ce "mutanen Birni", ko da shi kaɗai ne ya zo. Matarsa Malam take cewa. Haka na tashi, ban taɓa tunanin akwai wani suna da aka raɗa masa ranar da aka yanka rago ba.

Mahaifinsa masunci ne, mai noman shinkafa kuma, kamar yawancin mutanen Gulma. Kawu bai gaji ruwa ba. An ce tun yana ƙarami in an shiga kwalekwale amai yake yi, har sai da uban ya haƙura ya bar shi ga boko. Ya yi firamare a gida, ya yi sakandare a Argungu, daga nan ya karanta aikin lantarki da buga keken rubutu. Mutum ne siriri, mai magana ƙasa-ƙasa, kuma ban taɓa ganin namiji mai kunyarsa ba. In yana cin abinci baƙo ya yi sallama, to cin ya ƙare ke nan.

Ya samu aiki a wani ofishin noma a Birnin Kebbi, ofishin da ke haƙa wa manoman fadama rijiyoyi yana raba musu injin ban-ruwa don noman rani. Shugaban ofishin shi ne Alhaji Abdussamadu, dattijo daga gidan malamai na cikin gari. Alhaji ya ga hankalin Kawu, ya riƙa aikensa gida, a can Inna Maimuna, 'yar Alhajin, ta gan shi. Ita da bakinta take cewa ta so shi ne ranar da ya zo da saƙo, ya hango ta, ya juya da sauri ya yi karo da randa. Aka yi aure. Daga ranar shugabansa na ofis ya zama surukinsa, kuma a nan wahalar Kawu ta fara.

A gida ko a ofis, ba ya haɗa ido da Alhaji. Ba ya cin ko gyaɗa a gabansa. In ya hango shi a baranda sai ya bi ta bayan sito. In an kira shi ofishin Alhaji, takalmi a ƙofa yake barin su, ya durƙusa daga nesa, Alhaji na cewa "Malam Kalilu, ga kujera," shi yana cewa "Nan ma ya isa, Baba." Sunan Alhaji kuwa ban taɓa ji a bakinsa ba. Akwai wani mai shayi a bakin ofis mai suna Abdussamadu, Kawu bai taɓa kiransa ba, sai dai ya tafa hannu.

Ina aji huɗu aka kawo wa ofishin kwamfuta. Ba irin ƙananan nan ba ce. Babba ce guda, Kawu yana ce mata uwa, sai alluna uku da aka ja musu waya zuwa teburan akawuna, su ne 'ya'yan. An ware mata ɗaki mai sanyi, ba a shiga da takalmi. An tura Kawu kwas, ya dawo, aka kuma turo wani injiniya Ba'indiye ya tsaya a kansa ranar da za a girka ta.

Ranar Asabar ce. Azahar ta wuce bai dawo gida ba, Inna Maimuna ta ba ni kwano in kai masa. Da na ce zan juyo sai ya ce in tsaya in gani, tunda 'yar makaranta ce ni.

Abin da na gani bai yi kama da abin da nake zato ba. Baƙin allo ne kawai, da wani ɗan haske yana ƙiftawa a kusurwa. Babu hoto, babu komai. A gefensa kwali ne cike da faya-fayai masu laushi, kowanne da lambarsa. Ya ce mini injin yadda ya zo babu komai a cikinsa, kamar sabon gida ne da ba a sa ko tabarma ba, sai an ɗura masa komai daga waɗannan faya-fayai. Ya zura na farko, injin ya yi gurnani, rubutu ya fito yana tambaya. Ya buga amsa. Ya zare, ya zura na biyu. Duk abin da yake so injin ya yi sai ya rubuta masa umarni da hannu, harafi bayan harafi, kuma in ya kuskure ɗigo ɗaya sai injin ya ce bai san zancen ba.

"Yanzu raba cikinta nika yi," in ji shi, "kamar yadda aka raba fadama. Nan wurin zamanta, nan wurin ajiyar manoma, nan kuma wurin da ni ka ƙera abin da nika so."

Wurin ƙirar nan shi ya fi faranta masa rai. Akwai wasu faya-fayai dabam da ya ajiye gefe yana shafa su, ya ce kayan aiki ne na rubuta furogiram, da su zai koya wa injin ya riƙa fitar da takardar rabon injuna ƙauye-ƙauye. Ya ɗura su, ya rubuta ɗan gwaji, injin ya buga masa gaisuwa a allo. Ya waigo yana murmushi kamar an ce matarsa ta sauka lafiya. Bayan nan ya buɗe wa kowane akawu ƙofarsa, ya ƙayyade abin da kowa zai iya taɓawa da wanda ba zai iya ba.

Sai aka zo ƙofar maigida. Ita ce babbar ƙofa, wadda in ka shiga ta ita za ka iya gyara komai, za ka iya rusa komai. Injin ya nemi kalmar sirri da za a kulle ta. Ba'indiyen ya ce masa da Turanci ya zaɓi kalmar da ba zai manta ba, kuma bakinsa ba zai taɓa suɓucewa ya faɗe ta ga kowa ba, ko cikin barci, ko cikin zazzaɓi. Ya ce kada ya rubuta ta a ko'ina. Daga nan ya juya baya, ni ma aka ce in juya.

 Sai na ji ƙarar bugawa, gajeriya, sau biyu. Da na waigo na ga gumi a goshin Kawu a cikin wannan sanyi, yana cewa "Astagfirullah" ƙasa-ƙasa.

Sai daga baya na san abin da ya buga. Ya duba duk cikin kansa ya nemi kalmar da harshensa ba zai taɓa iya ɗauka ba, ya samu guda ɗaya tak: sunan surukinsa. Ba ma Abdussamadu ba. Wani laƙabi ne na ƙuruciya da kakar Alhaji ta sa masa saboda yawan kukansa, wanda yanzu tsofaffi biyu ko uku ne suka rage a duniya masu iya kiransa da shi. Kawu ya ji shi sau ɗaya ranar ɗaurin aurensa, daga bakin wani tsohon abokin Alhaji. Ni ma ba zan rubuta shi a nan ba. A lissafin Kawu, babu makullin da ya kai wannan ƙarfi, kuma ta wani gefen gaskiyarsa ne. Abin da bai hango ba shi ne ranar da za a buƙaci ya miƙa makullin.

Shekara biyu injin na aiki lafiya. Duk sunayen manoman da aka haƙa wa rijiya, daga Ambursa har Augie, da wanda ya karɓi inji da wanda ke jira, suna cikinsa. In ruwa ya janye daga fadama sai Kawu ya buga umarni, takarda ta fito, motoci su ɗauki injuna su bi ƙauyuka. Mutane suka fara ce masa Kalilu mai kwamfuta. Kowace safiya yana zaune bango ɗaya tsakaninsa da Alhaji, yana buga wannan suna da yatsunsa.

Shekarar da na gama makaranta, ƙarshen damina, Kawu ya hau babur za shi Argungu. Kusa da Ambursa jaki ya gitta masa. Ya karye a cinya. Inno ta ce ba asibiti ba, aka kawo shi Gulma wurin maɗorinmu, aka ɗaure ƙafar da karare, aka kwantar da shi a ɗakin da ke kusa da na Inno. Maɗori ya ce ko juyi kada ya yi sai ƙashi ya kama. Ni ina gida lokacin, ni ke kai masa ruwa da fura.

Yana kwance aka ɗauke wuta a ofis injin yana tsakiyar aiki, janareto bai tashi da wuri ba. Da aka kunna, injin ya ƙi buɗe ƙofofin akawuna. Ya tsaya a wuri ɗaya yana cewa cikinsa ya hargitse, a ba shi kalmar maigida ya gyara kansa. Ruwa kuwa ya fara janyewa, injunan ban-ruwa na jibge a sito, manoma sun fara zarya a bakin ofis. Albasa 'yar sanyi ce. In ba a dasa ta ta sha ruwa da wuri ba, zafi zai riske ta ba ta yi kai ba.

Ranar wata Laraba da hantsi motar ofis ta tsaya a ƙofar gidanmu. Alhaji Abdussamadu da kansa, tare da Ummaru, babban akawun ofishin, wani Bakatsine mai barkwanci wanda bakinsa ba ya riƙe magana, abokin wasan Kawu. Inno ta gaisa da Alhaji daga bayan zana. Aka shimfiɗa masa darduma a bakin ɗakin Kawu. Kawu ya yi yunƙurin tashi ya durƙusa, ciwo ya mayar da shi, sai ya ja mayafi ya rufe rabin fuskarsa.

"Kwanta, Malam Kalilu, kwanta. Ya ƙarfin jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

Ummaru ya leƙa kansa ciki. "Kai Bakabe, duk kifin da ka ci bai ƙarfafa maka ƙashi ba? Jaki ma ya fi ka."

Kawu ya yi ɗan murmushi. Alhaji ya yi addu'a, aka shafa. Sannan ya gyara zama ya faɗi abin da ya faru da injin.

"Abin ga ba shi da wuya, haka anka ce mini. Kalma guda ta. Ka hwaɗa, Ummaru shi rubuta, mu koma. Mutane na jiran injunansu."

Ummaru ya ciro biro daga aljihu.

Ina tsaye da buta a hannu, ina ganin fuskar Kawu ta gefe. Leɓensa ya motsa. Ya dubi rufin ɗaki, ya dubi ƙafarsa. Gumi ya keto masa kamar wancan na ɗakin sanyi. Ni a lokacin ban san komai ba, na ɗauka ciwon ne ya motsa.

"Muna saurare, Malam Kalilu."

Kawu ya ƙara jan mayafin.

"Ko ba ka so a ji? To raɗa mini ga kunne." Alhaji ya matso, ya sunkuyar da kansa har rawaninsa ya kusa taɓa kafaɗar Kawu.

Na sha tuna wannan sunkuyawar. Da a ce Ummaru shi kaɗai ya zo, wataƙila da Kawu ya cije ya rubuta masa. Amma ga mai sunan da kansa, furfurarsa a gaban idonka, ya miƙo kunne yana jiran ka kira shi da sunan da kakarsa ke kiransa yana tsirara. Kuma ba faɗin kaɗai ba ne. In ya faɗa, Alhaji zai san shekara biyu mijin 'yarsa na wasa da wannan suna kowace safiya, Ummaru kuma zai kai labarin har kasuwa kafin la'asar.

"Baba," in ji Kawu, muryarsa kamar ta wani, "na mance."

"Ka mance?"

"Tun da nif faɗi... ta ɓace mini."

Ummaru ya buɗe baki zai yi tsiya, Alhaji ya ɗaga masa hannu. Bai yi faɗa ba. Da ya yi faɗa da ya fi sauƙi. Dafa goshin Kawu ya yi, ya ce, "Allah sarki. Ashe har kai ya bugu. Kada ka matsa ma ranka, lafiyarka ta fi muna injin. Za mu aika Sakkwato a turo wani." Ya ajiye wa Inno goro da sabulu, suka tafi.

Motar na tashi Kawu ya ja mayafin ya rufe fuskarsa gaba ɗaya. Furar da na kai masa ranar haka na ɗauko ta.

Washegari ya kira ni ya ce in kawo takarda. Ya ce akwai hanyar shiga injin ba tare da kalmar ba, duk wanda ya san aikin ya san ta: a tayar da shi da faifai na farko, a shiga ta nan a gyara, a sa sabuwar kalma. Abu ɗaya ne kada a yi, kada a zaɓi girkawa sabuwa, don ita share komai take yi. Na rubuta yadda ya faɗa, ya sa na karanta masa, ya sa na ja layi a ƙarƙashin "kada". Na ga hankalinsa ya ɗan kwanta. A ganinsa ya samu hanyar da manoma za su samu injuna shi kuma asirinsa ya rufu.

Muka ba direban motar kasuwa takardar. Hanya ta lalace da ruwa, motar ta kwana a Argungu, takardar ta ƙara kwana a aljihun direba. Ranar da ta isa hannun Ummaru, mutumin Sakkwato ya riga ya zo ya gama aikinsa. Wata irin kwamfuta dabam ya saba da ita. Ya ga ƙofa a kulle, ga kwalin faya-fayai a gefe, sai ya girka komai sabo. Injin ya tashi garau, cikinsa fayau. Akwai kwafin da Kawu ya taɓa ajiyewa, amma na kafin damina ne, duk rijiyoyin da aka haƙa bayan nan babu su a ciki.

Sai da ma'aikata suka sake bin ƙauyuka bisa babura, rijiya bayan rijiya, suna tambayar ta wane ce. Gardama ta tashi a wurare da yawa. Kafin motocin injuna su fita, sanyi ya yi nisa.

Inna Maimuna ce ta kawo labarin Gulma. Tana faɗa tana jajantawa, ba ta san komai ba ita ma. Kawu ya kasa gaya mata gaskiyar. Magana zarar bunu ce: tunda ya ce ya manta a gaban Alhaji, kowace rana da ta wuce sai gaskiyar ta ƙara nauyi. Da farko suna ne kawai ba zai iya faɗi ba. Yanzu ga suna, ga ƙarya, ga albasar mutane.

Yana fara dogara sanda wani manomi ya zo gaishe shi daga Augie. Tamba sunansa, baƙi, gajere, mai yawan dariya. Kawu ne ya shigar da sunansa a injin da hannunsa, ya kuma ce masa bana injinsa tabbas ne. Da jin haka Tamba ya kwance jigon da yake ban-ruwa da shi, ya ba ƙaninsa itacen, ya faɗaɗa gona, ya yi renon iri mai yawa. Irin ya girma a wurin reno ya wuce dashe, rabi ya bushe. Abin da ya dasa daga baya zafi ya riske shi.

Ya zo da 'yar jaka a kafaɗa, ya zazzage ta a gaban Kawu. Albasa ce ƙanana, wasu ba su fi goro ba.

"Malam, ga abin da munka samu bana. Na ce sai ka ɗanɗana, ko miya a yi maka."

"Tamba..."

"A'a, kada ka ce komi. Mun ji abin da yas same ka. Mutum da kai nai ya bugu? Ni da an tambaye ni sunan tsohuwata ranar da sa yat tunkuye ni, wallahi ban iya hwaɗi." Ya kece da dariya. "Mantuwa ta Allah ta. Wa ka jayayya da ita? Mu dai ka warke, baɗi muna nan."

Kawu ya sunkuyar da kai yana juya albasa ɗaya a tafin hannunsa. Na ji yana cewa "Na gode" sau da yawa, fiye da yadda ake godiyar albasa. Da Tamba ya tafi ya ce in kwashe su in kai wa Inno. Da aka yi miyar ya ce cikinsa ba daɗi.

Ƙafar ta warke, amma ta ɗan gajarce, yana ɗingishi. Alhaji ya yi ta aiko masa da rubutun sha da zuma, wai na ƙarfin ƙwaƙwalwa, daga hannun yayansa malami. Inna Maimuna ke tsayawa a kansa har ya shanye. A ofis babu wanda ya zarge shi. Alhaji ya riga ya gaya wa kowa cewa faɗuwar ce ta taɓa shi, har ya hana Ummaru tsokanarsa a kan maganar. Amma Kawu bai iya komawa ɗakin sanyin nan ba. Ya shiga sau ɗaya, ya sake ɗora kayan ƙirar furogiram da mutumin Sakkwato ya bari a kwali, ya sake rubuta abin da ke fitar da takardar rabo, ya koya wa Ummaru da wani akawu yadda ake kwafe ajiya duk mako. Da aka zo kalmar maigida ya ce su biyun su zaɓa, su biyun su riƙe, shi ya fita waje. Bayan nan ya nemi a mayar da shi ƙaramin ofishinsu na Argungu, inda babu kwamfuta, yana kula da sito. Alhaji ya roƙe shi ya zauna, Kawu ya ce ƙafar ce ba ta son sanyi.

A Argungu yake har yanzu. Yana zuwa aiki, yana dawowa, yana gyara wa maƙwabta rediyo kyauta. In ya ji ana maganar noman rani sai ya tashi ya ba da wuri. Mutanen gidanmu sun ɗauka faɗuwar ce ta canja shi, haka kuma za a riƙa faɗi. Ni ce a gidanmu ake tambaya wa ya haifi wa, wace shekara aka yi kaza, shi ya sa nake ganin bai kamata abin da na sani ya zauna a bakina ni kaɗai ba.

Yadda na sani kuwa, na je musu kwana biyu ne bayan haihuwar Inna Maimuna. Da la'asar muna zaune a tsakar gida, ita tana ɗaki da jaririn, shi yana kwance wata rediyo. Na ce masa, don dai in ji ta bakinsa, ko kalmar nan ta taɓa dawo masa. Ya ajiye sukudireba. Ya dubi ƙofar ɗakin matarsa. Sai ya sunkuya ya rubuta wani abu da yatsa a ƙasa, ya bari na karanta, ya share da tafin hannu har sai da wurin ya yi sumul.

Ban gane ba da farko, don ban san laƙabin ba. Ya nuna yamma da haɓa, wajen Birni, ya shafi haɓarsa kamar mai shafa gemu. Da na gane sai na ji kunya ta lulluɓe ni, kamar ni na rubuta. Na kasa dubansa, shi ma ya kasa dubana. A haka, kowa na kallon ƙasa, ya ba ni labarin duka, tun daga ranar da na kai masa kwano.

"Kawu, ai da ka ce masa sunansa na kawai, ba sai ka hwaɗe shi ba."

"Na yi wanga tunani, Baiwa. Bayan mota ta tashi na yi shi." Ya ɗauki sukudireban ya sake ajiyewa. "Kunya munka gada, kuma ba mugun gado ba ta. Amma ni na ɗauki tawa na auna da abincin mutane, na ga tawa ta fi nauyi. Baba ba ni iya hwaɗa mai, ko yau ko gobe. Shina aiko mini zuma, ina sha."

Na ɗauka ya gama. Jaririn ya yi kuka a ɗaki, Inna Maimuna ta fara rarrashinsa.

"Ƙawarki ta makaranta da anka kai Augie, kina zuwa wurinta?" in ji Kawu.

Na ce ina zuwa.

"To in kin tahi, ki nemi gidan Tamba, kowa ya san shi. Kada ki hwaɗa mai kalmar, ba ta da amfani gare shi. Ki dai ce Kalilu ya ce bai mance ba. Ki ce ya sani sarai ranar da anka tambaye shi, shi yaƙ ƙi hwaɗi. Ki tsaya ki ji abin da za shi ce, ko zagi na, ki kawo mini shi yadda yake, kada ki gyara."